Zanen Aro

Duk ɗalibin da ya sami gurbin karatu a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, ko aikin injiniya ya zo koyo ko aikin gona, sai ya bi ta darasin Ingilishi na bai-ɗaya a shekararsa ta farko, kamar yadda ake yi a sauran jami'o'in Nijeriya. A nan ake koya masa tsara sakin layi, da taƙaita bayani, da rubuta maƙala, da kuma ambaton majiya. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi ɗaure wa yawancinmu kai a ranar da muka fara jin sa. Malam ya ce wanda ya kwafi maganar wani bai faɗi mai ita ba ya yi satar fasaha. To, ta yaya magana za ta zama abin sata, alhali mai ita bai rasa kome ba?

Tambayar ba ta wasa ba ce. Mu da muka tashi da allo da tawada mun san cewa yaron kirki shi ne mai mayar da karatu yadda aka biya masa, ba ƙari ba ragi. A sakandare ma mai hadda ne ke cin jarrabawa. Shekara goma sha biyu ana yaba mana a kan maimaitawa, sai ga shi rana ɗaya an sa mata suna sata. Shi ya sa wasu ke ganin ambaton majiya al'adar Turawa ce kawai, wadda ake bi domin a tsira da maki.

A ganinmu wannan fahimta ba daidai take ba. Hadda ba ta taɓa ɓoye mai magana ba. Malaman hadisi, irin su Imam Buhari wanda ya rasu a shekarar 870, ba sa karɓar zance sai da isnadi, wato jerin sunayen waɗanda aka ji shi daga bakinsu, domin a san wanda za a tuhuma idan an sami kuskure. A ƙasarmu ma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Ida'un Nusukhi, inda ya lissafa malamansa da littattafan da ya karanta a wurin kowannensu. Har yau almajirin zaure idan ya kawo mas'ala yakan ce a littafi kaza ya gan ta, a wurin malam wane ya ji ta. Ashe ke nan abin da ake nema a ƙasan shafi ba baƙo ba ne, tufa kawai ya sake. Wanda ya kwafa ya yi shiru ya danne haƙƙin marubuci, ya kuma yaudari mai karatu, domin ya toshe masa hanyar bin sawun magana zuwa tushenta.

Sai dai kuma ba a nan wahalar take ba. Ɗalibi na iya jera sunayen masana ashirin, kowane da shekara da shafi, amma a nemi maganarsa shi kansa a rasa. Wannan bai yi sata ba, aro ya yi, kuma Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Abin da rubutun jami'a ke nema, wanda ba mu saba da shi ba, shi ne bayan an ji ta bakin magabata, marubuci ya auna, ya zaɓa, ya ce ga abin da ya gani da dalilinsa. Yaron da aka hore shi da sunkuyar da kai gaban manya, yaya zai rubuta cewa wani shaihin malami ya yi kuskure? Kunya ce ke riƙe alƙalaminsa, ba lalaci ba, kuma bai kamata mu yi masa dariya ba. Amma kunyar da ke hana mutum ɗaukar nauyin abin da ya rubuta, ɓuya ce. Garin nan ya san haka. A shekarun 1940 Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa sun riƙa zaman muhawara a Bauchi a kan mulkin En'e da na Turawa. Dukkansu sun sha karatu a hannun malamai, sun san girman na gaba, amma kowa ya yi magana da bakinsa, ya kuma ɗauki abin da ya biyo baya.

Laifin ba na ɗalibai kaɗai ba ne. Malamin da ya buga takardun darasi, ya kuma fi son a mayar masa da su kalma bayan kalma ranar jarrabawa, ba shi da bakin yin kuka idan an kawo masa maƙalar da aka kwafo. Shi ya nuna hanyar.

Tun daga shekarar 2022 da ChatGPT ya bayyana, sai al'amarin ya ƙara rikicewa. A da mai kwafa yana da wanda ya zalunta, ana iya zuwa laburare a zaƙulo littafin. Yanzu na'ura ce ke tsara maƙala cikin daƙiƙoƙi, da Ingilishi mai santsi, wani lokaci har da sunayen littattafan da ba a taɓa rubutawa ba. Magana ce marar isnadi, babu wanda ya ji ta, babu wanda zai amsa tuhuma a kanta. Ɗalibin da ya sa sunansa a kanta ya yi shaida ne a kan abin da bai gani ba. Gobe kuwa shi ne injiniyan da zai sa hannu a rahoton cewa gada za ta ɗauki nauyin mota, ko malamin gona da zai shaida wa manoman Dass yawan takin da ƙasarsu ke buƙata.

Mun sha ganin takardar ɗan shekarar farko, Ingilishinta na ɗingishi, jan alƙalami ya cika ta, amma a sakin layi na uku ya ce bai gamsu da bayanin marubucin ba, ya kawo misali daga kasuwar Muda Lawal inda mahaifinsa ke sayar da kayan miya. Irin wannan takarda malam kan karanta sau biyu kafin ya ba da maki.