Hayaƙin Shagonmu, Hakkin Wa?

In kin taɓa shiga Kantin Kwari a Kano da tsakar rana an ɗauke wuta, kin san ƙarar janareto da hayaƙin da ke turnuƙe layi. Mukan toshe hanci mu wuce. To amma ga tambaya: cutar da ta bi iska, ba a san takamaiman wanda ta faɗa wa ba, shin akwai hakki a cikinta?

Duk litar man dizal da aka ƙona tana fitar da iskar kabon fiye da kilo 2.5. Iskar nan taruwa take yi a sama, ta riƙe zafi kamar bargo. Gine-gine kuwa, wato gidaje, ofisoshi, otal-otal da manyan kantuna, su ke da wajen kashi ɗaya cikin uku na hayaƙin da ake fitarwa ta hanyar makamashi a duniya. Zafin nan shi ke rikita damina. Ambaliyar 2022, wadda masana suka ce ɗumamar yanayi ta ƙara wa ƙarfi, ta ci rayuka fiye da 600 a Nijeriya.

Na san za ki ce: mu nawa ne namu? Kina da gaskiya. Afirka duka ba ta wuce kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya ba, nauyin ya fi kan Sin da Amurka da Turai. Sai dai girman laifin wani ba ya wanke namu, da yayyafi kogi kan cika. Kuma kafin hayaƙin ya kai sama, ƙirjin yaron shago da na maƙwabciya mai goyo yake fara shiga. Rashin sanin sunan wanda aka cuta ba ya sauke hakkinsa.

Kada ki ce ba huruminki ba ne. In kina da shagon ɗinki ko na atamfa, sa ƙwan lantarki mai cin wuta kaɗan, ki kashe na'urar sanyaya ɗaki in ba kowa. In maigida zai gina filaza, ba shi shawara cikin ladabi: tagogi masu shan iska, rufi mai farin fenti, sola, da itatuwan inuwa. Kakanninmu da katangar ƙasa mai kauri suka samu zaure mai sanyi, ba ko digon mai.

Kuɗin mai zai ragu, hakkin mutane ma ya ragu a wuyanmu. Allah Ya sa mu dace, amin.