Mai Awo Ko Mai Gona: Wa Ke Da Alhaki?

Mai karatu, a wannan watan ba sharhin fim na kawo maka ba. Wata magana ce ta tsaya mini a rai. Kwanaki na tambayi wani mai ɗaukar hoto dalilin da ya sa ya yarda ya ɗauki wata fitowa da shi kansa ya ce ba ta dace ba, sai ya kada baki ya ce, "Ni nawa kyamara ne, abin da darakta ya ce shi na yi." Shin da gaske ne gwanin da ya sayar da gwanintarsa ba ruwansa da abin da aka yi da ita? Bari in kai ka Amurka ta shekaru 250 da suka wuce, don a can na ga tambayar ta fi fitowa fili.

A shekarar 1763 aka ɗauko wasu Turawa biyu daga Ingila, Charles Mason masanin taurari da Jeremiah Dixon safiyo, su raba rigimar iyaka tsakanin Pennsylvania da Maryland. Ba duba ko bokanci nake nufi da sanin taurari ba, lissafi ne zalla. Da dare su lura da wucewar taurari don su san inda suke a doron ƙasa, da rana su ja sarƙar awo cikin ƙungurmin daji, a kafa dutse a kowane mil. Sai a 1767 suka tsaya, domin 'yan asalin ƙasar da ke musu jagora, waɗanda mu 'yan kallo muka sani da Indiyawan daji a finafinan kaboyi, sun ce daga nan ba za su ƙara taku ɗaya ba. Ka ga ke nan akwai masu ƙasa tun kafin a zo da sarƙa.

A 1780 Pennsylvania ta yi dokar soke bauta sannu a hankali, Maryland kuwa ta riƙe bayinta. Sai layin nan ya zama iyaka tsakanin ɗa da bawa. A gaskiya ban ga laifin Mason da Dixon a wannan ba, sun gama aikinsu sun koma gida tun kafin a yi dokar. Amma batun ƙasar mutane da suka ratsa, wannan kam da idonsu suka gani.

Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne Benjamin Banneker, baƙar fata ɗan Maryland, ɗa ne ba bawa ba, an haife shi a 1731. Manomin taba ne. Yana saurayi ya sassaƙa agogon katako mai bugawa, sannan da girmansa ya koya wa kansa lissafin taurari daga littattafan aro. A 1791, yana da shekara 59, Andrew Ellicott ya ɗauke shi aikin auna filin sabon babban birnin ƙasar, Washington, mil 10 kowane ɓangare. (Labarin da ake yaɗawa cewa wai shi ya zana taswirar birnin da ka bayan mai zanen ya yi fushi ya tafi, ba shi da tushe, ko da yake na san marubutan fim ba za su so jin haka ba.)

To, ga inda gizo ke saƙar. Birnin da ya taya aunawa, bayi na cikin waɗanda suka gina manyan gine-ginensa, kuma ba a soke bauta a cikinsa ba sai 1862. Idan mai awo yana da alhaki, Banneker ma bai tsira ba. Sai dai shi bai ce "ni nawa lissafi ne" ba. A ranar 19 ga Agusta, 1791, ya aika wa Thomas Jefferson, sakataren harkokin waje a lokacin, kundin kalandar da ya lissafa da hannunsa, mai nuna fitowar rana da wata da lokutan husufi. Ya haɗa da wasiƙa yana tuna masa cewa shi ne fa ya rubuta an halicci mutane daidai, ga shi kuma yana riƙe da bayi. Ni a ganina abin da ake bin gwani ke nan: ba lallai ya iya hana ɓarna ba, amma gwanintarsa ta ba shi bakin da za a saurara, kuma in ya yi shiru da saninsa ya yi.

Kada ka ɗauka fim ɗin Indiya ne, inda mugu ke tuba a ƙarshe. Jefferson ya ba shi amsa cikin ladabi, ya ce ya tura kundin ga sakataren cibiyar kimiyya ta Faransa, ya ci gaba da riƙe bayinsa. Banneker ya rasu a 1806. Bayan shekara uku, Jefferson ya rubuta wa wani abokinsa cewa yana zargin taimaka wa tsohon aka yi da lissafin.