Shin Sai da Zafi Ake Samun Lafiya?

Mutanenmu sun daɗe da yarda cewa magani sai da ɗaci. Wanda aka kai Aliero ɗori ya san zai cije a ja masa ƙashi, kuma ba ya ganin laifin maɗori. Majinyacin da aka sallama da ƙwayoyi kuwa, in ba a yi masa allura ba, sai ya fito yana gunaguni wai ba a duba shi sosai ba. Wato mun mayar da zafi ma'aunin ƙarfin magani. To, mai karatu, zafin nan wajibi ne, ko kuwa sabo ne kurum?

Mu ɗauki kogon haƙori misali. Ana cewa tsutsa ce ke cin sa, alhali ƙwayoyin cuta ne ke cin ragowar zaƙi a baki, su fitar da tsami mai narka haƙori sannu a hankali. Abin da aka saba yi a asibiti shi ne a soka allurar kashe zafi a dasashi, a rarake wurin da inji, sa'an nan a cike. Tsoron wannan ne ke sa yaro ya ɓoye ciwonsa har kunci ya kumbura, ya daina zuwa makaranta.

Amma ga wata hanya. A tsakiyar shekarun 1980, a Tanzaniya, wani likitan haƙori mai suna Jo Frencken ya fara kankare ruɓar da ƙananan ƙarafan hannu, ya cike ramin da wani irin siminti mai sakin sinadarin fulorayid, galibi ba tare da allura ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gabatar da dabarar a 1994. Tun wajen 1970 kuma mutanen Japan ke amfani da wani ruwa mai azurfa da fulorayid, wanda in an shafa a kogon sai ruɓar ta tsaya. A 2021 Hukumar ta sanya simintin da ruwan cikin jerin muhimman magunguna. Duka biyun ba sa bukatar lantarki, saboda haka ana iya kai su firamare a ƙauyukan Maiyama.

Sai dai kowane sauƙi da farashinsa. Ruwan azurfar nan yana mayar da ruɓaɓɓen wurin baƙi ƙirin, kuma ba ya wankuwa. Ga ɗan shekara huɗu da haƙoran nononsa za su zube, baƙin tabo ya fi a danne shi yana ihu. Ga budurwa mai kogo a haƙorin gaba kuwa, lissafin daban ne. Haƙƙin likita ne ya faɗi gaskiyar nan tun kafin ya shafa, a bar mai haƙori ko iyayensa su zaɓa.

Akwai kuma sauƙin bogi. Kanumfari yana kwantar da zogi, amma ruɓa na nan na aikinta. Ruwan batir da wasu ke ɗigawa ƙona dasashi yake yi. Mai tallar maganin tsutsa a kasuwa irin ta Jega kwanciyar hankalin kwana biyu yake sayarwa. Muhimmin abu shi ne, da zarar ruɓa ta kai jijiya, hanyoyin sauƙin nan na gaskiya ma sun ƙare, sai allura da inji ko cirewa.

A ganina, zafi iri biyu ne. Akwai wanda ba makawa, kamar na karaya, kuma haƙuri da shi jarumta ne. Akwai wanda sakaci ya haifar, ko wanda muke ɗora wa yaro alhali da hanyar kauce masa, kuma kiran wannan jarumta zalunci ne. Sauƙi rabon mai sammako ne. Uban da ya riƙa leƙa bakin ɗansa, ya rage masa alawa, ya saba masa da asuwaki da man goge baki, ya kai shi asibiti tun kogon bai kai ƙwayar gero ba, ya fi wanda zai riƙe masa hannuwa yana cewa, "Cije, kai namiji ne."

Allah ya ba mu ikon tausaya wa na ƙasa da mu, amin.