GARGAƊI GA MATASA GAME DA SOJAN BAKA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, ka sani wata sana'a ta shigo mana wadda a Kano ake kiran masu yin ta sojojin baka. Da a gidajen rediyo suke, yanzu kuwa ga su a Facebook da TikTok. Ɗan siyasa zai sa maka data, ya ba ka ɗan abin cefane, kai kuma ka kwana kana wasa shi kana yaga rigar mutuncin abokin hamayyarsa. A watan Janairun 2023, gab da babban zaɓe, BBC ta fitar da bincike cewa jam'iyyu a Nijeriya suna biyan irin waɗannan mutane a ɓoye don su baza ƙarya, wani da kuɗi, wani da kwangila, wani da muƙami.

To, duba yadda abin yake tafiya. Mai gidan ba ya zagi da bakinsa, a'a, naka yake aro. Ka rubuta, 'yan'uwanka su yayata, gobe jarida ta ɗauka ta ce ana ce-ce-ku-ce a kan wane. Ƙarya ta sami riga ke nan. Su ma 'yan jaridar da ke kwasa ba bincike suna da nasu kason, domin aya ta 6 cikin Suratul Hujurati ta umarce mu da bin diddigin labarin fasiƙi, ba ta ware mai katin aiki ba.

Ka tuna ƙissar ƙazafin da aka yi wa Uwar Muminai A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, wanda Suratun Nur ta yi bayani. Wa ya kitsa shi? Abdullahi ɗan Ubayyu, shugaban munafukai. Amma su wa suka ɗauka suka yi ta faɗi? Har da mutanen kirki: Hassanu ɗan Sabitu, da Hamnatu 'yar Jahshi, da Misɗahu wanda ya halarci Badar. Aka tsayar musu da haddi, bulala tamanin-tamanin. Subhanallahi! Wanda ya je Badar bai tsira ba don ya ce ji ya yi ana faɗi, balle kai da aka biya ka?

Tun a nan duniya ma, akwai dokar laifuffukan intanet ta 2015, an sha kama samari da ita. Ran da 'yan sanda suka zo, mai gidan cewa zai yi wallahi bai san ka ba, ra'ayinka ne ka faɗa. Kuma kai shaida ne, sau nawa suka sauya sheƙa, aka ga wanda ka zaga jiya suna rungume da juna a gidan ɗaurin aure? Su sun shirya. Kai kuwa an bar ka da gabar maƙwabcinka, wanda za ku haɗu a sahu ɗaya da asuba.