Ganga ta Sauya, Ina 'Yan Amshi?

Akwai wata tsohuwar gardama a majami'un baƙaƙen fatan Amurka da har yau ba a kashe ta ba: shin ya dace a ɗora waƙar yabon Ubangiji a kan kiɗan da ake kaɗawa a gidajen rawa? Masu ƙi suna cewa kiɗan R&B na zancen soyayya da sha'awa ne, duk abin da aka zuba a cikinsa sai ya ɗauki warinsa. Masu so kuwa cewa suke matashin da ba ya taka ƙofar coci, ta rediyo kaɗai za a iske shi. A ganina duk ɓangarorin biyu ganga suka zuba wa ido, alhali waɗanda ke cikin haɗari 'yan amshi ne.

Tarihi bai goyi bayan masu ƙi ba. Thomas Dorsey, wanda ake kira uban waƙoƙin bishara na baƙaƙen Amurka, makaɗin fiyano ne na blues kafin ya koma coci a Chicago. Da farko wasu majami'u sun ƙi waƙoƙinsa, wai suna ƙamshin mashaya. Yau su ake kira na gargajiya. A 1969 waƙar "Oh Happy Day" ta Edwin Hawkins da ƙungiyar mawaƙan matasa ta California ta shiga rediyoyin 'yan duniya, aka yi ta ƙorafi. A 1997 Kirk Franklin da ƙungiyar God's Property suka fitar da "Stomp" a kan kiɗan Funkadelic, ƙorafin ya dawo sabo. Ga shi kuma R&B ɗin kansa a coci ya sha nono: a can Sam Cooke da Aretha Franklin suka koyi waƙa, kuma daga wata waƙar ibada Ray Charles ya ɗauko karin "I Got a Woman" a 1954. Ɗa ne ya fita yawon duniya ya dawo gida da sabuwar riga.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake haɗa waƙar a situdiyo. Ƙungiyar mawaƙan coci ba tarin gwanaye ba ce. Akwai malamar makaranta a ciki, da direba, da tsohuwar da muryarta ta fara rawa. Kowa yakan rage tasa muryar don ta shige cikin ta ɗan'uwansa, kuma darasin ke nan: a gaban Mahalicci ba mai fin wani tsawo. Na'ura kuwa tana iya naɗar mutum uku sau da yawa har su yi ƙarar mutum arba'in, ta miƙe duk muryar da ta karkace, ta turo tauraro gaba ta mayar da jama'a ado a bayansa. Kasuwa fuska ɗaya take so, domin ita ake sawa a jikin faifai. Sai kunne ya ji taro, alhali ba wanda ya taru. Wannan ƙarya ce ƙarama, amma a wurin da ake da'awar gaskiya aka yi ta.

Za a ce mini, wanda ya kunna waƙar shi kaɗai a mota cikin baƙin ciki ya sami sanyin zuciya, ina ruwansa da yawan waɗanda suka rera? Ban raina wannan sanyi ba. Sai dai lallashi daban, zumunci daban. Waƙar da ta cika lanƙwasa har ba mai iya bin ta sai gwani, ta mayar da mai ibada ɗan kallo.

Kuma ba dole ba ne a zaɓi ɗaya a bar ɗaya. A watan Janairun 1972 Aretha Franklin, tana ganiyar shahara, ta kwashi makaɗanta na R&B zuwa wata majami'a a Los Angeles. Dare biyu ana naɗar faifan "Amazing Grace" tare da James Cleveland da ƙungiyar mawaƙansa, jama'a suna amsawa. Kayan kiɗan na zamani ne, amma taron na gaske ne.

Mu ma gardamar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. An yi ta a kan sha'irai masu bege da suka bar mandiri suka kama fiyano, ana kuma yin ta a majami'un da zumuntar mata ke waƙa da tukunya da caki yayin da matasa ke son jita. Ma'aunin da nake ba kowa ɗaya ne, kuma duk wanda ya san halin lantarkinmu zai gane shi. A ɗauke wuta ana tsakiyar waƙa. Idan jama'a suka ci gaba da rerawa, waƙar tasu ce, ko da wane kiɗa aka yi mata. Idan kuwa wuri ya yi tsit, to dama ta na'ura ce.