Hakkin Ɗan Ƙwadago Bai Taɓa Kwana A Gidanmu Ba



Watan Nuwamba shi ne watan da Ikilisiya ta keɓe domin tunawa da matattu. Ran 1 ga wata muna bikin Dukan Tsarkaka, ran 2 kuma muna miƙa Misa Mai Tsarki domin dukan masu bi da suka riga mu gidan gaskiya. A ƙasarmu watan yakan zo daidai da kaka, lokacin yankan dawa da cika rumbuna. Saboda haka ba na iya shiga wannan wata ban tuna da mahaifina ba, Allah ya jiƙansa.

Baba manomi ne, bai taɓa zama a aji ba. Ba mai yawan magana ba ne, amma akwai doka ɗaya da kowa ya san shi da ita: wanda ya yi masa aiki a gona, sai ya karɓi ladansa kafin rana ta faɗi. In kuɗi ba su kai ba, sai ya buɗe rumbu ya auna dawa, ko ya kama akuya ya nufi kasuwa. Wani dare na riƙe masa fitila muka taka har ƙauyen da ke ƙetaren rafi, don kawai wani yaro ya tafi bai karɓi cikon kuɗinsa ba. A hanya ya ce mini, "Ba mu san ko da wannan za su yi tuwon dare ba." Mudunsa kuma guda ɗaya ne, da shi yake saye, da shi yake sayarwa. Shi ya sa maƙwabtanmu, Kirista da Musulmi, sukan bar masa ajiyar hatsi ba tare da shaida ba.

Sai da na shiga makarantar horar da firistoci na tarar cewa abin da Baba ke yi a rubuce yake. Littafin Firistoci 19:13 da Maimaitawar Shari'a 24:14-15 sun hana a riƙe ladan ma'aikaci ya kwana. Amma wurin da ya fi taɓa zuciyata shi ne Littafin Tobit, sura ta 4. Tobit mutumin kabilar Naftali ne, yana zaman bauta a Nineba, ya makance, ya talauce, yana ganin mutuwarsa ta kusa. Ya kira ɗansa Tobiya domin ya gaya masa zancen azurfa talanti goma da ya ba Gabayel ajiya a ƙasar Midiya. Ku lura, bai fara da zancen azurfar ba. Ya fara da girmama uwa, da ba da sadaka gwargwadon abin da mutum ke da shi, da biyan ma'aikaci nan take. Kuɗin sai a ƙarshe ya ambace su.

Ko yaron ya ji? Ku duba sura ta 12. Da suka dawo daga tafiya, Tobit ya ce a sallami abokin tafiyar, a ƙara masa wani abu. Tobiya ya ce ko rabin dukan abin da suka kawo aka ba shi, bai yi yawa ba, alhali bai san Mala'ika Rafayel ne ba. Ɗan ya zarce uban a kyauta.

Yanzu bari mu dawo gida. Bikin godiyar kaka yana tafe. Za mu ga mutum ya sha babbar riga, yana rawa zuwa gaban bagade da buhun masara, ana ta guɗa. Madalla. Amma in yarinyar da ke masa aikin gida ta yi wata uku ba ta ga albashi ba, in maginin da ya ɗora masa rufi ya gaji da jin "dawo gobe", to masarar nan ta wa ce? Manzo Yakubu, a sura 5 aya 4, ya nuna cewa ladan da aka danne yana kai ƙara, Ubangiji kuwa yana ji. Mu firistoci ma maganar ba ta tsallake mu ba, gama akwai katikis, da mai dafa abinci, da mai gadi.

Ku iyaye maza, 'ya'yanku suna tsaye a bakin ƙofa sa'ad da kuke ce musu su gaya wa mai bin bashi ba kwa nan. Malamin katikisma yana da su sa'a ɗaya ko biyu a mako, sauran kwanakin ku suke kallo.

A wannan wata za ku rubuta sunayen iyayenku da suka rasu domin a yi musu Misa. Ku rubuta, abu ne mai kyau. Kafin ku kawo takardar, ku tambayi mahaifiyarku ko baffanninku ko marigayin ya bar hakkin wani a kansa. In akwai, 'ya'ya su haɗa hannu su biya a madadinsa kafin Lahadi ta farko ta lokacin Zuwan Ubangiji.

Allah ya jiƙan iyayenmu, ya karɓe su cikin mulkinsa. Amin.