KO DAIDAI NE A ZUBA DUKIYA A KAN FAIFAN GARMAHO?

A cikin watan Disamba na shekara ta 2015 aka yi wani gwanjo a ƙasar Amurka, aka sayar da faifan garmaho na waɗansu mawaƙan Ingila da a ke kira Beatles a kan dala 790,000. Waƙoƙin da ke ciki ba asiri ba ne. Tun 1968 aka buga su, an kuwa sayar da miliyoyi, ko yau duk wanda ya ke so ya ji su sai ya taɓa wayarsa. Abin da ya raba wannan da sauran, lamba ce da aka buga bisa jakarsa, watau 0000001. Mai shi, Ringo Starr, makaɗin gangar ƙungiyar, ya daɗe yana ajiye da shi a ma'ajiyar banki a Landan.

Mai karatu zai kama baki ya ce, wannan ai hauka ne. Watakila hakanan ne. Amma kada mu yi saurin yanke shari'a tun ba mu ji ta bakin kowa ba. Bari mu bi maganar a hankali, gama a ƙarshe za mu ga ta shafe mu, ko da ba mu taɓa riƙe faifai a hannu ba.

YADDA FAIFAI YA MUTU YA KUMA DAWO

A 1887 wani Bajamushe mazaunin Amurka, Emile Berliner, ya ƙago garmaho mai faifai. Faifan wancan zamani da wani irin ƙaro a ke yinsa, wanda waɗansu ƙwari ke tarawa a jikin itatuwa a Indiya. Yana da nauyi, in ya faɗi ya fashe kamar kasko, kowane gefe kuwa bai fi waƙa ɗaya ba. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da babban faifai na roba, wanda gefe guda ya kan kai wajen minti 20. Daga baya kaset ya zo, faifan sidi ya biyo baya a 1982, mutane suka tura garmaho ƙarƙashin gado.

Sai ga abin mamaki. A 2022 an sayar da sababbin faifan garmaho wajen miliyan 41 a Amurka, na sidi kuwa miliyan 33. Rabon da garmaho ya wuce sidi tun 1987. Yawancin waɗannan ba su da tsada ƙwarai, ba kuwa a kansu mu ke magana ba. Muna magana a kan tsofaffin da suka yi wuyar samu, waɗanda masu tarawa ke bi gari gari, suna ƙara wa juna kuɗi har faifai ɗaya ya fi gida tsada.

MENENE A KE SAYA?

Tambaya ta fari ke nan. Wanda ya ba da dala 790,000 ba waƙa ya saya ba, domin waƙar tana samuwa a arha. Ba roba ya saya ba, domin robar ba ta kai kuɗin takalmi ba. Ya sayi rashin na biyu ne. Da a ce gobe an buɗe wani ɗaki an tarar da guda dubu masu wannan lamba, da kuɗinsa ya narke kamar gishiri a ruwa, ko da ya ke ba abin da ya ragu daga daɗin waƙar.

A nan damuwar ta ke. Abinci yana da amfani ko maƙwabcinka yana da irinsa. Riga tana rufe jiki ko dukan gari sun sa irinta. Amma akwai kayan da darajarsu ta dogara ga rashin da waɗansu ke yi. Mutum kuwa in ya saba da jin daɗin abu don kawai ɗan'uwansa ba shi da shi, zuciyarsa ta koyi wani mugun karatu. Hausawa sun ce son zuciya ɓacin zuciya. Irin wannan ƙishirwa ba ta ƙarewa, gama ranar da ya samu wanda ya ke nema, a ranar zai ji labarin wani da ya fi shi wuyar samu.

LAIFI TUDU NE

Wani zai ce, da kuɗin nan an gina asibiti, ko an haƙa rijiyoyi. Gaskiya ne, maganar tana da nauyi, kada kuwa mu raina ta. Amma akwai abu biyu da ya kamata mu tuna.

Na ɗaya, kuɗin bai ƙone ba, hannu ya sauya. Wani kaso na kuɗin gwanjon nan na Ringo Starr an nufe shi ga wata ƙungiyar taimako da shi da matarsa suka kafa. Saboda haka ba a iya auna ciniki da yawan kuɗin kaɗai, sai an duba inda ya fito da inda ya tafi.

Na biyu, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Nawa ne a cikinmu suka ci bashin da ya ɗauke su shekara biyu suna biya don bikin kwana uku? Mace nawa ta jera kwanoni har rufin ɗaki, waɗanda ba a taɓa zuba miya a ciki ba? Namiji nawa ya ɗinka babbar riga ta kuɗin makarantar 'ya'yansa don a dube shi ranar taro? Attajirin da ya sayi faifai da abin da bai rage masa kome ba, da talakan da ya sayi wayar yayi da kuɗin hatsin gidansa, wa ya fi ɓarna? Ba na cewa na farin ya kuɓuta. Ina cewa ciwon ɗaya ne, aljihun ne ya bambanta.

Kada kuma mu ɗauka duk abin da ba a ci ba a sha, banza ne. Mutum ba jaki ba ne da za a ce dusa ta ishe shi. Mai shuka fure a tsakar gida bai yi laifi ba, haka mai ajiye sandar kakansa. Ƙaunar abu mai kyau, da girmama aikin waɗanda suka riga mu, halin kirki ne.

MAI AJIYE IRI DA MAI ƁOYE HATSI

To, ina iyakar ta ke? Manomi ya san amsa. Mutum biyu suna iya rufe hatsi a rumbu da kaka. Ɗaya yana ajiye iri domin damina mai zuwa, in ruwa ya sauka ya fitar, har maƙwabci ya samu abin shuka. Ɗayan yana jiran yunwa ta shigo gari domin mudu ya yi tsada. Rumbun iri ɗaya ne, ƙofar a rufe duka biyu, amma ba wanda zai haɗa su a suna.

Masu tara faifai haka su ke. Ku dubi labarin kamfanin Paramount na jihar Wiskonsin a Amurka. A cikin shekarun 1920 har zuwa 1932 ya ɗauki muryoyin baƙaƙen mawaƙa talakawa daga kudancin ƙasar, jikokin bayi. Da kamfanin ya rushe, yawancin faifan ƙarfe na asali, waɗanda daga jikinsu a ke buga sauran, aka sayar da su a tarkace. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma aka yi ta tattara tsofaffin faifai ana narkarwa saboda ƙarancin ƙaro. Waƙoƙi da yawa sun ɓace ke nan har abada. Waɗanda suka tsira, a hannun masu tarawa suka tsira, mutanen da suka riƙa bin ƙauyuka suna ƙwanƙwasa ƙofa suna tambayar tsofaffi ko akwai faifai a gida.

A 2013 wani mai tarawa, John Tefteller, ya biya dala 37,100 don faifai ɗaya na wani mawaƙi mai suna Tommy Johnson. Guda biyu kaɗai aka sani sun rage a duniya. Ɗayan ma yana hannunsa, amma ya gaji, muryar ba ta fita sosai. Ya sayi mai lafiyar domin a kwafi muryar a fitar wa jama'a. Tun kafin wannan, a 1952, wani mai suna Harry Smith ya zaɓi waƙoƙi 84 daga cikin tsofaffin faifan da ya tara, kamfanin Folkways ya sake buga su, samari da yawa kuwa suka koyi waƙar kakanninsu daga nan. Haka kuma a 2015 mawaƙin nan Jack White ya sayi faifan farko da Elvis Presley ya yi a birnin Memfis a 1953, lokacin yana ɗan shekara 18. Elvis wajen dala 4 ya biya aka ɗauki muryarsa, White kuwa dala 300,000 ya biya. Bai cika wata huɗu ba ya sa aka buga kwafinsa aka kai kantuna. Waɗannan masu ajiye iri ne.

Ga kuma ɗaya gefen. Waɗansu mawaƙan Amurka da a ke kira Wu-Tang Clan suka yi kundin waƙoƙi a faifan sidi, kwafi ɗaya tak, suka sa shi a akwatin azurfa, da sharaɗin ba za a fitar da shi kasuwa ba sai 2103. Sun ce sun yi haka ne don nuna ɓacin ransu a kan yadda waƙa ta zama ba ta da daraja. A 2015 wani ɗan kasuwar magani, Martin Shkreli, ya saye shi dala miliyan 2. A wannan shekara ce kamfaninsa ya ɗaga kuɗin ƙwayar wani magani mai suna Daraprim, wanda masu ciwon sida ke bukata, daga dala 13 da rabi zuwa dala 750. A 2017 kotu ta same shi da laifin zamba a wata harka dabam ta masu zuba jari, gwamnati ta ƙwace faifan, ta sayar a 2021 don biyan abin da a ke binsa. Ku lura, hannun da ya rufe waƙa a akwati shi ne ya rufe magani a bayan tsada. Hali zanen dutse ne, ba ya tsaya a ɗaki ɗaya.

KURA DA SHAN BUGU

Akwai wani kuma da a kan manta da shi a wurin gwanjo, shi ne mai muryar. In an sake sayar da tsohon faifai, ko anini ba ya zuwa hannun mawaƙin ko magadansa. Tommy Johnson ya rasu a 1956 a jihar Misisipi, bai tara dukiya da waƙarsa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan ya iso har ƙasarmu. Masu tarawa daga Turai da Amurka sun daɗe suna zuwa Nijeriya da Gana neman faifan shekarun 1970. Waɗansu sun saya a arha wurin wanda bai san darajarsa ba, suka kai waje suka ci riba mai yawa. Waɗansu kuwa sun bi hanya. Kamfanin Luaka Bop na Amurka ya yi ta bin William Onyeabor na Inugu har ya yarda, sa'an nan aka sake buga waƙoƙinsa a 2013, ya ga sunansa ya zaga duniya kafin rasuwarsa a 2017. Wanda ya ce yana ƙaunar waƙa, amma bai taɓa tambaya ko mai ita yana da abin kai wa baki ba, sai mu yi shakkar ƙaunar tasa.

TAMBAYA UKU

Saboda haka amsar tambayarmu ba ta cikin yawan kuɗin. Duk mai niyyar kashe dukiya a kan abin marmari, faifai ne ko doki ko agogo, bari ya tsaya ya tambayi kansa abu uku.

Na fari, kuɗin wa na ke kashewa? In akwai mai binka bashi, ko ma'aikacin da ba ka biya ba, ko yaron da aka koro daga makaranta, ko tsohuwar da ke jiran magani, to, kuɗin da ke hannunka ba naka ba ne tukuna. Abin marmari daga rara a ke sayensa, bayan an ba kowane mai hakki hakkinsa. Wanda ya ke ɓoye wa matarsa kuɗin da ya sayi abu, ya riga ya san amsar.

Na biyu, da kowa zai samu irinsa gobe, zan yi murna ko zan yi baƙin ciki? In murna za ka yi, abin ka ke ƙauna. In baƙin ciki, fifikon kanka ka ke ƙauna, abin kuwa tsani ne kawai.

Na uku, wa zai amfana da kasancewarsa a hannuna? Faifai yakan fi mai shi tsawon rai. Wanda ya fito a 1930 ya riga ya binne masu shi biyu ko uku. Kai ma mai tsaro ne na ɗan lokaci, wata rana magada za su buɗe akwatin, ko su san darajarsa ko su zubar. Abin da aka kwafa aka raba, shi ne ba ya ɓacewa.

'Yan'uwa masu karatu, a gidaje da yawa na ƙasar nan akwai faifan Mamman Shata, da na Ɗan Maraya Jos, da na mawaƙan ƙananan harsunan da ba wanda ya sake ɗaukar muryarsu, suna kwance cikin ƙura, zafi yana tanƙwara su. Mai yiwuwa waɗansu ba su da na biyu. Wanda ke da irinsu, kada ya jefar, kada kuma ya sayar a ɓoye don ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Ya tsayar da su a tsaye a wuri mai sanyi, ya nemi wanda zai kwafi muryar, ya kunna wa 'ya'yansa su ji yadda kakanninsu suka yi magana. Wanda kuma Allah ya buɗa masa har ya iya sayen masu tsada, ya saya da hannu a buɗe, ya tuna da mawaƙin da iyalinsa, ya bar ƙofar rumbunsa yadda za ta buɗu in damina ta zo.